Yadda ake shuka kajiji a baho

'Yan uwa mata masu haɗa turaren wuta a nan Zariya sun sha tambayata yadda nake shuka kajijina a tsakar gida. Ga shi nan.

1. Ki samo ɗanyar saiwa mai ƙulli daga fadama, irin ta bakin kogin Galma ko na Kubanni. Busasshen na kasuwa bai cika tsirowa ba.
2. Ki nemi tsohon baho marar huji.
3. Ki zuba ƙasar fadama har ta wuce rabi.
4. Ki binne saiwar, zurfin yatsa ɗaya.
5. Ki zuba ruwa har ƙasar ta zama laka.
6. Ki ajiye bahon inda rana ke samunsa sosai.

Hattara: da hunturu ake yin asara. Iska kan busar da lakar ba ki ankara ba, don haka ki duba kullum. Amma kada ruwa ya kwanta a sama kwana da kwanaki, sauro zai tare.

7. In karan ya fara bushewa, ki tone saiwar.
8. Ki ware ɗanya kaɗan don iri.
9. Ki wanke sauran.
10. Ki shanya a inuwa. Ni dai na fi jin ƙamshin na inuwa.