Yadda za ka karanci sama da kanka a bazarar Sakkwato, kafin ka kunna wuta ko ka zuba iri

Duk shekara da anka shiga Afrilu zancen ɗaya ne a majalisa, wai wanga zafi na ruwa ne, kwana biyu za a sauke. Allah ya sa. Amma zafi shi kaɗai ba ya gaya maka komai, garin nan yana iya yin makonni yana haura digiri 40 ko ɗigo bai faɗo ba, kuma a daidai wanga tsakanin ne mutane ke asara biyu masu ciwo, wani ya ƙone kara da harawar da ya tara tun kaka, wani ya zuba irinsa a ƙasa kan ruwan farko ya mutu. Duka biyun na gani da idona, ɗaya ma a gonarmu ta faru, shi ya sa nake son in nuna abin da nake dubawa kullum da safe, ba ya cin minti biyar.

Fara da iska, daga ina take busowa. Tun daga Nuwamba iskar da ke kanmu ta arewa maso gabas ce, ta hamada, busasshiya, ita ce hunturu kuma ko bayan sanyi ya wuce ita ke nan sai dai ta yi zafi. Ruwanmu kuwa iskar kudu maso yamma ke ɗauko laimarsa daga teku, tana hawowa a hankali, ta wuce Neja da Kebbi kafin ta iso mana, shi ya sa za ka ji an yi ruwa Kontagora ko Yawuri mu nan ko alama. Ko cikin jihar ma ba ɗaya ba ne, su Tambuwal da Kebbe da Tureta galibi suna riga su Illela da Gada da Tangaza. To ka ɗaura tsumma ko leda marar nauyi a kan dogon kara bisa katanga inda ba abin da ya tare shi, ka san gabas ai, alƙibla na nuna maka. In tsumman yana karkata zuwa kudu ko yamma, iskar hamada ce har yanzu, lokacin haɗarin gobara ne ba na shuka ba. In ka ga ya juya yana nuna arewa ko gabas, musamman da dare da asuba, kuma ya riƙe haka kwana uku huɗu, to laima ta fara shigowa. Kwana ɗaya kada ya ruɗe ka, a watan Mayu iskokin nan biyu tura juna suke yi, yau wannan ta ci gobe waccan.

Sai laimar kanta, kuma nan jikinka ya fi kowace waya. In iska ta bushe za ka sha zafi amma zufa ba ta zama a jiki, leɓe na tsagewa, ka shanya riga kafin ka gama wanke ta biyu ta farko ta bushe ƙayau, ruwan randa kuma sanyi ƙarara saboda busasshiyar iska na shanye gumin randar. Ranar da ka sha ruwan randa ka ji shi ɗumi-ɗumi, ka kwana riga na manne maka a baya, gishiri a kwano ya fara dunƙulewa, to iska ta canza. Mahaifiyata da randa take gane wannan tun kafin kowa ya yi magana, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskure a kan canjin iskar ba, ranar saukar ruwan ce dai take barin wa Allah.

A waya ma akwai shi. Cikin manhajar yanayi nemi alamar ɗigon ruwa mai % a gefe wadda ke nuna laimar iska, mutane da yawa ba sa ko kallonta, hoton girgije kawai suke bi. A tsakiyar rani da rana tsaka tana faɗuwa ƙasa da 15%, wani lokaci har ƙasa da 10%, a irin wanga yanayi kara da zana da buhu da katako duk sun zama kamar ashana. Haruffan iska kuma inda ta fito suke nufi, NE ta hamada ce, SW ta ruwa. Zafi da laima da iska waya tana ƙoƙari a kansu na kwana biyu zuwa uku. Ruwa kuwa nan take rauni, don hadarinmu yanki-yanki yake zuba, a yi shi Kware a jiƙe sharkaf Wamakko ƙura kawai suka sha. In ka ga 40% ba yawan ruwa ake nufi ba, yiwuwar samunsa ce, kuma hoton ruwan da ta saka maka na kwana goma masu zuwa kada ka ɗora komai a kansa. Abin da ya fi amfani ga manomi shi ne hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara, ana faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da wuraren da za a iya samun tsaikon ruwa bayan an fara, ka saurara a rediyo ko ka tambayi malamin gona. Hasashe ne, amma ya fi jita-jitar WhatsApp nesa ba kusa ba.

Alamun dattawa ban raina su ba ko kaɗan. Shamuwa in ta iso ta fara gini bisa itace, kuka ta fara toho, gawo ya fara zubar da ganye, duk suna faɗa maka damina na hanya. Masu lissafin taurari 28 ɗin nan, kowane kwana 13, za ka ji suna cewa an shiga Suraiya, an shiga Dabaran. Sai dai duka waɗannan lokacin shekara suke nunawa, ba sa ce maka gobe a yi ko ba a yi.

Yanzu maganar wuta, inda na fi son a tsaya. Ranar da ta fi haɗari ba ranar da sama take tas ba ce, ranar da hadari ya haɗu gabas da la'asar ce, ya yi ja, ya turo iska da ƙura kamar za ta ɗauke rufi sannan ya watse ba ruwa. A farkon damina wannan ya fi yawa, don ƙasan iskar a bushe take, ruwan ma in ya taso yana ƙafewa kafin ya iso ƙasa, iskar kawai ke isowa. Duk garwashin da anka bari a murhu, duk tokar da anka zubar bayan gida da sauran wuta a ciki, duk juji mai hayaƙi, ita ke tashe su. Da ka ga gabas ta yi duhu ko ta yi ja, kafin a kwashe shanya a fara kashe wuta da ruwa, a rufe murhu.

Mu abin da ya same mu sassabe ne. Ƙanena ya tara kara da ƙaya a gona ya kunna wajen azahar, sama shiru ba iska ko kaɗan, sai ga 'yar guguwa ta taso daga tsakiyar fili, irin mai juyawar nan da yara ke bi, ta bi ta kan tarin wutar ta ɗauki kara mai ci ta jefa kan harawar maƙwabcinmu da ya ɗora bisa itace. Kafin mu ɗebo ƙasa ta gama. Abincin tumakinsa ne na sauran rani, dattijo ne, bai ce komai ba sai innalillahi, mun biya shi amma a wanga lokaci harawa ko da kuɗinka sai ka sha yawo, kuma har yau in na wuce itacen nan ina jin abin a raina. Tun daga nan ga yadda muke yi in ƙonawar ta zama dole. Bayan sallar asuba ake kunnawa, lokacin laima ta fi yawa iska kuma a kwance, a gama kafin hantsi ya ɗaga don da hantsi iska ke tashi, daga azahar zuwa la'asar kuwa ba a ko taɓa ashana, nan ne iska ta fi bushewa kuma nan guguwa ke yawo. A share kewayen tarin har ƙasa tsirara kamar taku uku huɗu, a yi ƙananan tari maimakon babba ɗaya, a kunna daga gefen da iska ke tafiya don wutar ta ci tana fuskantar iska a hankali, mutum biyu aƙalla da fartanya da ɗanyen reshe, kuma ba a barin wurin sai an tona tokar an tabbatar ta mutu. In tsumman nan naka yana tashi tsaye, a bari sai wata rana. Gaskiya ma in za ka iya barin karan ya kwanta a gona ya fi, yana tare ƙasa daga iska kuma yana riƙe laima.

A cikin gari kuma kowa ya tuna gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021, dukiyar da ta tafi ba ta faɗuwa. In anka ɗauke wuta ka kashe hita da dutsen guga da soket kafin ka fita ko ka rufe shago, don ba ka san lokacin da za a maido ba. Kada a zuba wa janareta mai yana da zafi, jarkar fetur kada ta kwana ɗaki ko cikin rana, harawa da kara su yi nesa da madafa. Ajiye bokitin rairai a bakin ƙofa, wutar fetur da ta mai ba a zuba mata ruwa, yaɗa ta yake yi, ta lantarki kuma sai an katse wutar tukuna. Lambar 'yan kwana-kwana ta kasance cikin wayarka tun yau, da 112.

To in Allah ya saukar da ruwan fa? Auna shi. Samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka ɗora bisa turke a fili nesa da indararo da itace, da safe ka saka rula. Santimita 2 shi ne milimita 20, kuma masana aikin gona a yankin Sahel wajen nan suke fara lissafin ruwan shuka, milimita 20 cikin kwana uku, da sharaɗin kada a biyo da tsaiko mai wuce mako guda. Sannan ka tona gona da hannu, in laimar ta tsaya iya yatsa ƙasanta busasshen rairai, ranar Mayu za ta shanye ta cikin kwana biyu, irin ya tsiro ya ƙone. Mu sai ta kai kamu ɗaya muke sakin jiki, kuma sai tsumma ya nuna iskar kudu ta zauna. Shekararmu duka ruwanta bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, mafi yawansa Yuli da Agusta, saboda haka ruwan farkon Mayu sau da yawa baƙo ne mai wucewa. Masu bizne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, na san dalilinku, gero in ya kama da wuri ya riga kowa, amma yayyafi kaɗan na iya tsirar da shi ya bar shi, to ka raba irin biyu, rabi a ƙasa rabi a ɗaka, kuma ka fara da gefen gonar da ya fi kwari inda laima ke daɗewa.