Yadda za ka samu littafin wasan sararin samaniya a Garwa ta Kamaru, ka buga shi da ƙwayar ludo biyu

Mu biyar ne muke zama a zauren gidanmu kowace Lahadi bayan la'asar: ni, da ƙanena, da ɗan yayata, da wani abokina mai gyaran babur, da maƙwabcinmu malamin makaranta. Ba allo a gabanmu, ba kwamfuta. Ni nake riƙe da littafi ina faɗin inda suke da abin da suke gani, kowannensu kuma yana da mutum ɗaya a cikin labarin da yake magana da bakinsa. In wani ya ce zai yi abu mai hatsari, sai a jefa ƙwaya a ga ko ya dace. Masu Faransanci suna ce masa jeu de rôle. Ni nakan ce wa mutane tatsuniya ce wadda masu sauraro suke cikinta, su ne kuma suke juya akalarta.

Abu na farko da zan gaya maka, ɗan'uwa, ka zaɓi wasan da kayansa suke nan kusa da kai. Wanda ya fi suna a duniya, Dungeons & Dragons na shekarar 1974, yana buƙatar ƙwaya mai fuska 20 da mai 12 da mai 8, ni kuwa na zaga babbar kasuwa ban ga mai sayar da su ba. Shi ya sa na koma kan Traveller, wanda Marc Miller ya ƙirƙira a Amurka a 1977. Labarinsa na jiragen sararin samaniya ne da fatauci tsakanin taurari, kuma da ƙwaya mai fuska 6 kawai ake yinsa, irin ta ludo da ke kowane shago. Ka jefa biyu, ka haɗa da gwanintar mutuminka, in ka kai 8 ko fiye aikin ya yiwu. Rabin dokar wasan ke nan.

Littattafai biyu kake buƙata, kada ka rikita su kamar yadda mutane da yawa suke yi. Akwai na dokoki, akwai na kasada, wato labarin da aka shirya da wurarensa da mutanensa da taswirorinsa. Kamfanin Mongoose Publishing na Ingila ne yake fitar da Traveller tun 2008, ya sabunta shi a 2016. In kuɗinka bai kai na littafin dokoki ba tukuna, nemi Cepheus Engine a intanet, wanda ya fito a 2016 kuma dokokinsa kyauta ne. Jininsu ɗaya da Traveller, ƙwaya biyu ne shi ma, za ka iya fara koyo da shi. Littafin kasadar da na fara da shi High and Dry ne, an rubuta shi don sababbin shiga.

Maganar samun littafin takarda kuwa, ka cire rai da ita a yanzu. Na taɓa lissafa abin da zan biya a aiko mini daga Turai, sai na ga kuɗin aikowa ya ɗara na littafin, ban ma sa na kwastan ba. Ga kuma tafiyar da zai yi: ya sauka kudu, ya hau jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, sannan mota ta gangaro da shi Garwa. In kana da ɗan'uwa da zai dawo daga Faransa ko Ingila ya saka maka a jaka, to madalla. In babu, sayi PDF. Ana samunsa a shafin kamfanin Mongoose da kuma DriveThruRPG, inda yawancin masu irin waɗannan littattafai suke sayar da nasu. Da katin banki ake biya, Visa ko Mastercard. Ni ba ni da shi, sai na tura wa wani abokina kuɗin ta waya ya biya da nasa. Ka buɗe asusun da sunanka da adireshinka na imel, katin kaɗai zai zama nasa, domin littafin yana zama a asusun ko wayarka ta ɓace ka sake sauke shi. Za ka ga ana yawo da kwafin sata a wasu zaurukan waya. Kada ka karɓa. Wani ne ya zauna ya rubuta, haƙƙinsa ne, kuma littafin kasada ƙarami ba shi da tsada.

In ka sauke shi, kada ka kai wa mai fotokofi ka ce ya buga duka. Zauna da wayarka ka rubuta lambobin shafukan da za ka riƙe a hannu: taswirori, bayanan mutanen da za a gamu da su, zanen cikin jirgi, da takardar mutum guda ɗaya ga kowane ɗan wasa. Shafukan da hoto ya cika su da baƙi ka bar su a waya, tawada suke sha, mai shago kuma zai ƙara maka kuɗi. Inda nake zuwa sefa 25 ne shafi in baƙi da fari ne. Ka ce masa ya daidaita shafin da girman A4, in ba haka ba gefen rubutun yakan yanke. A sa maka bangon roba a ɗinke. Ƙurar hunturu da gumin watan Afrilu a garin nan ba sa barin takarda tsirara.

Karanta littafin sau biyu kafin ka kira kowa. Karo na farko don ka ji labarin, na biyu da fensir. A nan ne aikin yake, tunda da Turancin Ingilishi aka rubuta shi, mu kuwa Hausa muke yi a zaure, da ɗan Fillanci da Faransanci in magana ta kawo. Kada ka ce za ka fassara layi bi layi a gaban mutane, barci za su yi. Na samu ƙaramin littafin rubutu, kowane wuri na ba shi jimla uku da Hausa: abin da ido ke gani, abin da hanci ko kunne ke ji, da wanda ke tsaye a wurin da abin da yake so. Kalmomin wasan ma na ba su sunayen gida. Mai riƙe da littafi alƙalin wasa ne. Tafiyar jirgi daga tauraro zuwa tauraro tsalle muke ce mata, kuma a dokar Traveller kowane tsalle kusan mako guda yake ci, kusa ko nesa. Babu waya tsakanin taurari, labari da jirgi yake tafiya. Da na faɗi haka sai malamin makaranta ya ce, ai wannan zamanin fatake ne, lokacin da sai ayari ya iso ake jin abin da ya faru a Kano. Daga ranar kowa ya gane duniyar, har kyaftin ɗin jirgi ya koma madugu a bakinmu.

Ra'ayina kan littafin kansa, bayan zama uku: ginshiƙinsa mai kyau ne. Ana tura 'yan wasa su je wata duniya ta bayan gari su ɗauko ƙaramin jirgi da aka bari a can, su gyara shi, in sun yi nasara su samu abin hawa. Duk wanda ya taɓa karɓar babur ko mota a hannun maigida yana aiki da ita ya san daɗin wannan alkawari, abokina mai gyara kuwa tun da ya ji akwai injin da ya ƙi tashi ya gyara zama. Abin da ban so ba shi ne yawan bayanin tarihi da siyasar yankin kafin a kai ga aiki. Yana da amfani ga alƙali, amma kada ka karanta wa 'yan wasa shi. Na ɗauki kaɗan na sa a bakin mutanen da suke haɗuwa da su a hanya. Ka kuma shirya yadda za ka gabatar da Vargr, wata al'umma a duniyar wasan mai siffar kyarkeci da ke tafiya da ƙafa biyu tana magana. In ka fara da siffarsu dariya za a yi, wasan ya watse. Ni da sana'arsu da gaisuwarsu na fara, siffar ta biyo baya.

Ware zama guda cur don ƙirƙirar mutane. Kowa zai jefa ƙwaya biyu sau shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, ilimi, da matsayi a cikin jama'a. Mutum yana farawa da shekara 18, ya shiga aiki, soja ko fatauci ko leƙen sababbin duniyoyi, a riƙa bin rayuwarsa shekara huɗu-huɗu. Na ɗan yayata ya fito tsohon sojan ruwa mai rauni a ƙafa da bashi a wuya, kuma ya fi son sa a haka.

Akwai maganar da ba ta cikin kowane littafi amma dole ka yi ta a nan. Ranar zamanmu na farko Kawu ya leƙo zaure ya ga ƙwaya a kan tabarma, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ɗana, caca kuka kawo mini gida?" Na tashi na ce, "A'a Kawu, Allah ya kiyaye. Ba ko dala a ciki, ba mai ci ba wanda ake ci. Ku zauna ku gani." Ya zauna kusan rabin awa yana saurare, ya ga dukkansu gefe ɗaya suke, sannan ya ce mu dai kada salla ta wuce mu. Tambayarsa daidai ce. Ka riga manyan gidanku faɗa, ka bar ƙofa a buɗe, kada kuɗi ya taɓa hawa tabarmar ko da na shayi ne.

A wurin wasan, kada ka sa a jefa ƙwaya kan kowane abu. Cikin hanyoyi 36 da ƙwaya biyu za su iya faɗuwa, 15 ne kawai ke ba da 8 ko fiye, wato wanda ba shi da ƙarin maki ya fi kusa da faɗuwa. In makaniki zai canza fis, ya canza kawai. Ajiye ƙwaya sai inda kuskure zai jawo wani abu, kuma in an faɗi kada ka ce "bai yiwu ba" ka yi shiru. Ka ce ya yiwu amma ya ci awa shida, ko wani ƙarfe ya karye. Awa biyu sun isa zama ɗaya. Mu da an fara kiran magariba nake rufe littafi, ko ana tsakiyar magana. Lahadin da ta wuce na rufe shi suna tsaye a ƙofar jirgin, mai gyara ya sa hannu a kan makunni, ƙanena yana roƙona minti biyar. Na rubuta inda kowa yake tsaye a bayan taswira, na mayar da ƙwayoyin cikin kwalin ludo, muka tafi alwala.