Yadda ake gano inda furotin ke kama RNA a cikin ƙwayar halitta

RNA, wato kwafin saƙon gado da ke ajiye a DNA, ba ta yawo ita kaɗai a cikin ƙwayar halitta. Tun ana kwafo ta daga DNA furotin iri-iri ke rufar mata, wani ya datse ta, wani ya raka ta, wani ya hana ta lalacewa. Amma da zarar ka fasa ƙwayar komai sai ya cakuɗe, furotin ya saki abin da yake riƙe da shi ya damƙi wani. Dabarar CLIP, wadda Jernej Ule da Robert Darnell da abokan aikinsu suka fito da ita a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 2003, ita ce a ɗaure su tun suna tare.

Da farko ka ɗora farantin ƙwayoyin a kan ƙanƙara, ka cire murfi, ka haska musu UV, hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 254. Hasken ba ya liƙe furotin da RNA sai a daidai inda suke taɓa juna. 'Yan kaɗan ne ke liƙewa, saboda haka ka tanadi ƙwayoyi da yawa.

Sai ka fasa su, ka zuba RNase, sinadarin da ke yanka RNA. A nan aikin mutane da yawa ke ɓaci. In ya yi yawa, zai cinye RNA ɗin har ba a iya karanta guntun da ya saura. In ya yi kaɗan, gutsattsarin su yi tsawo, ka kasa sanin ainihin wurin da aka riƙe. Ka gwada ma'auni biyu ko uku kafin ka tsayar da ɗaya. Kada kuma ka cire safar hannu, don fatarka ma tana ɗauke da RNase.

Daga nan, a cikin bututu, ka kamo furotin ɗinka da antibodi, sinadarin da ke gane shi ya damƙe shi, wanda aka manna a jikin ƙananan ƙwallayen maganaɗisu. Ka kara bututun a jikin maganaɗisu, za ka ga ƙwallayen sun taru a gefe, launin ƙasa-ƙasa. Ka wanke su da ruwan gishiri mai ƙarfi. Abin da haske ya ɗaure ba zai saki ba.

Sauran aikin: ka tace abin da ka kamo ta cikin jel mai rarraba su bisa girma, ka narkar da furotin da sinadarin Proteinase K, ka mayar da RNA zuwa DNA, na'ura ta karanto jerin haruffansa.

Da wannan hanya suka bi sawun furotin Nova a ƙwaƙwalwar ɓera, suka same shi yana kama wuraren da haruffan RNA irin UCAU ke maimaituwa kusa da juna, a kan saƙonnin RNA da ke gina mahaɗar jijiyoyi.