Kurakuran da ke hana mutum barci idan ya kwana a daji

Ko mai gadin shinkafar rani ne a Kadawa, ko ɗalibai ne da suka je kallon tsuntsaye a dausayin Baturiya da ke Jigawa, ko masu zango a bakin dam ɗin Tiga, kuskuren da ya fi yawa shi ne isa wurin kwana bayan magariba. Cikin duhu ba za ka ga shuri ba, ba za ka ga rami ba, kuma nan ne macizai ke fakewa. Ka isa tun la'asar. Ka fara zuwa ka gaida mai unguwa ko dagacin garin da ke kusa, ka faɗa masa ko ku su wane ne da kwanakin da za ku yi. Shi zai nuna maka inda burtali ya bi, kada garke ya taka ka da asuba, da inda ruwa ke kwanciya. Daji irin na Falgore kuwa ba a shiga sai da izinin jami'an da ke kula da shi.

Mutane na ganin inuwa su sauke kaya. Gindin gawo yana da daɗi da rani tunda lokacin yake da ganye, amma dabbobi can suke wuni suna cin 'ya'yansa, don haka ƙasan cike yake da kaska da ƙaya. Kuka kuma sau da yawa akwai ƙudan zuma a kogonta. Da damina kada a kwana a busasshen rafi ko kwari ko da sama garau take, domin ruwan da aka yi a wani gari yana iya gangarowa cikin dare. A nemi tudu mai ɗan gangare, a share shi da tsintsiya sosai, a kwashe ƙarangiya da tsaida kafin a shimfiɗa komai.

Shimfiɗa ce ake rainawa. A Disamba da Janairu sanyin dare yana sauka ƙasa da digiri 15, mutum ya lulluɓa da bargo biyu a kan tabarma ɗaya, ya kwana yana rawar ɗari, alhali ƙasa ce ke janye ɗumin jikinsa. Gyaran shi ne a fara da tampol ko leda mai kauri, a ɗora tabarma, sannan siririyar katifa ko bargon da aka ninka biyu. Bargo ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, ya fi biyu a sama amfani. Hula da safa busasshiya su zama na barci kawai, kada a kwana da rigar da aka yi gumi a cikinta.

Ƙasar Jigawa yashi ce, gajerun turakun da ke zuwa da tanti ba sa kama ta. A sassaƙa na itace masu tsawon kamu biyu, a buga su a karkace, kansu na kallon waje da tantin. Inda yashin ya yi laushi ƙwarai, a cika buhu da ƙasa, a ɗaure igiyar a jikinsa, a binne. Ƙofa ta kalli yamma, saboda iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadari ma yawanci daga gabas yake tasowa.

Akwai kuskure ɗaya da yake kashe mutane: shigar da kaskon gawayi cikin tanti a rufe don jin ɗumi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ko launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Wuta ta tsaya a waje, taku biyar ko fiye daga tanti, a nome busasshiyar ciyawar da ke kewaye da ita, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta.

Wasu kan bar gidan sauro a gida wai ai rani ne. Inda ake ban ruwa, sauro ba ya ƙarewa. A ɗaura shi, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa ta ko'ina, hakan ma zai tare kunama. Takalmi a kakkaɓe shi kafin a sa, kuma kada a fita kama ruwa da dare ba tocila.

Idan maciji ya yi sara, kububuwa ce ko kasa ko gamsheƙa, abin da aka saba yi shi ne ɗaurewa da igiya tam, da tsagawa, da tsotsewa. Duka ukun ƙara ɓarna suke. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti nan take don a yi masa allurar kashe dafi. Saran kububuwa yana hana jini daskarewa, kowace tsaga ƙarin hanyar zubar jini ce.

Ruwan sha kuma kullum ana zuwa da shi kaɗan. A lissafa aƙalla lita 4 ga kowane mutum a wuni, ban da na girki da alwala, a ƙara a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ruwan dam ko na magudanar ban ruwa a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tafasa na minti ɗaya. Kada a yi wanka a cikinsa, nan ake ɗaukar tsargiya. Wanda gudawa ta kama, a haɗa masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Guzuri ya zama wanda zafi ba ya lalatawa, kamar kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da dabino, a rufe shi a bokiti mai murfi nesa da wurin kwanciya saboda cinnaka da ɓeraye.