Kada ku yi gaggawar juya yaro ya kalli gaba a mota

Asabar ɗin da ta wuce na je Kubwa taya matar ƙanena haɗa kaya. Biza ta fito, za ta bi mijinta Ingila da yaransu biyu, namijin wata 10, macen shekara 3. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, duk an ƙulle a leda an danna a akwati, an ɗora a sikeli ya fi sau uku. Muna cikin naɗe zannuwa na tambaye ta wa zai ɗauke su a filin jirgi. Ta ce wani abokin maigidan ne, yana da mota. Na ce to akwai kujerun yara a motar? Ta ɗago ta dube ni kamar na yi mata Faransanci. "Anti, ai riƙe shi zan yi a cinya, ita kuma yayar ta zauna a gefena."

Ban ga laifinta ba. Ko a hanyata ta zuwa gidan, a kan babban titin Kubwa inda motoci ke sheƙa gudu, na ga wata yarinya tsaye tsakanin kujerun gaba tana dafe da kafaɗar babanta, uwar kuma na gidan gaba da jariri a ƙirji. Haka muka taso. Doka a nan ma ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba gidan baya ne wurinsa, mu ne dai ba mu ɗauke ta da nauyi ba. Na yi shekara 7 a Ingila, a can na haifi biyu cikin 'ya'yana, kuma wannan magana ta kujerar yara tana cikin abubuwan da suka fi ba sababbin zuwa mamaki. Kujerar kanta ba a daɗe ana gardama a kanta, tunda tara ake ci. Inda ake kai ruwa rana shi ne yaushe za a juya yaro ya daina kallon baya.

Dokar Ingila a taƙaice ita ce yaro zai ci gaba da zama a kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsayinsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Direba ake kamawa in yaron bai kai shekara 14 ba, kuma tarar tana iya kaiwa fam 500. Kun ga abokin maigida da ya zo taimako shi zai kwana a ciki. An yi sassauci ga tasi mai lasisi: in babu kujera, yaro zai iya zama a gidan baya, mai shekara 3 zuwa sama ya ɗaura bel ɗin manya. Motar aboki da aka shirya zuwanta tun mako guda ba ta cikin wannan sassauci. A Jamus sai santimita 150 ko shekara 12, a Faransa shekara 10. Wanda zai je wata ƙasa ya duba dokarta tun yana Abuja.

Kujerun da ake amfani da su a Ingila da sauran Turai iri biyu ne, kuma kowace tana da wata 'yar takarda ruwan lemu a manne a jikinta mai harafin E a cikin da'ira. Wadda aka rubuta wa R129, da ake kira i-Size, da tsayin yaro take aiki, kuma dole yaro ya kalli baya a cikinta har ya wuce wata 15. Tsohon tsarin, R44, da nauyi yake aiki, shi ne ya yarda a juya yaro da zarar ya kai kilo 9. Yaronmu mai cin tuwo da wuri zai iya kai kilo 9 tun yana wata 8 ko 9, ko tafiya bai fara ba.

Nan na yi nawa kuskuren. Ɗan farina yana cika shekara na juya shi. Kujerar ta tsohon tsari ce, nauyinsa ya kai, doka ba ta hana ni ba. Ga shi da kuka a mota, ni kuma ina son in riƙa ganin fuskarsa a madubi. Matanmu da muke haɗuwa wajen suna da walima ma kowa cewa take ai ya girma, a bar shi ya ga gari. Sai da ma'aikaciyar lafiyar da ke zagayen gidajen masu ƙananan yara ta gan mu muna fitowa daga mota, ta tambaye ni cikin ladabi ko na san cewa wata 15 ɗin da ake faɗa mafi ƙaranci ne, ba lokacin da ya kamata a juya ba. Na ji haushi a ranar, don na ɗauka raini ne. Daga baya da na zauna na karanta, jikina ya yi sanyi.

Abin ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa shiga ƙaramar bas daga Mararaba zuwa cikin gari. Akwai wannan ɗan bencin da ke bayan direba, inda fasinja ke zama yana fuskantar sauran mutane, bayansa na jingine da kujerar gaba. In direba ya taka birki da ƙarfi, duk masu kallon gaba sai su tafi luu, wani goshinsa ya bugi ƙeyar na gabansa, ana salati. Shi kuwa na kan bencin sai dai bayansa ya ƙara mannewa da abin da ya jingina da shi. Ko motsin kirki ba ya yi. Yawancin munanan haɗura karo ne ta gaba, wato birki ne na farat ɗaya mai ƙarfin da ya ninka wancan sau da yawa.

Yanzu ku dubi jikin yaro. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsayinsa, na babba kuwa wajen ɗaya cikin takwas. Kai ne babba mai nauyi a kan siririn wuya, ƙasusuwan wuyan kuma ba su gama ƙwari ba, da sauran guringuntsi a tsakaninsu na tsawon shekaru. Kowace uwa ta san wannan ba tare da likita ya faɗa mata ba, shi ya sa in za ki miƙa wa yarinya jariri sai kin ce mata "tallabe masa ƙeya". In yaro na kallon gaba aka yi karo, igiyoyin kujera za su riƙe kafaɗunsa da ƙugunsa, amma babu abin da ya riƙe kan. Kan zai yi gaba da ƙarfi, wuya ya miƙe, kuma lakar da ke cikin ƙashin ba ta jure miƙewa yadda guringuntsi ke jurewa. In kuwa baya yake kallo, kai da wuya da gadon baya duk tare za su nutse cikin bayan kujerar. Kujerar ce ke tallabe masa ƙeya.

Riƙo a cinya kuwa, a daina ma maganarsa. Masana haɗura sun ce a karon da aka yi ana gudun kilomita 50 kacal, jikin da ba a ɗaure ba yana yin gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 30 ko fiye. Yaro mai kilo 10 ya zama kamar buhun shinkafa shida na kilo 50. Babu hannun uwar da zai riƙe wannan, duk son da take masa.

Mutanen Suwidin ne suka fara gane abin. Wani farfesa, Bertil Aldman, ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya rigingine lokacin da kumbo zai tashi, don ƙarfin ya bazu a gadon bayansu, sai ya ƙera kujerar yara mai kallon baya a 1964. Har yau a ƙasar ba abin mamaki ba ne ka ga yaro mai shekara 4 yana kallon baya a mota, kuma suna cikin ƙasashen da yara suka fi ƙarancin mutuwa a haɗarin mota. A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawara a 2011 cewa a bar yaro yana kallon baya har shekara 2. A 2018 ta cire adadin shekarun gaba ɗaya, ta ce a bar shi har sai ya kai iyakar nauyi ko tsayin da kujerarsa ta yarda. Doka kuwa kowace jiha da tata. A Kalifoniya, alal misali, wanda bai kai shekara 2 ba dole ya kalli baya, sai in ya kai fam 40 a nauyi, wato wajen kilo 18, ko inci 40 a tsayi.

To yaushe ke nan? Ni amsata ita ce a daina ƙirga watanni, a duba jikin kujera. An rubuta iyakarta a gefe. Ƙaramar ta jarirai mai mariƙi kamar kwando yawanci tana tsayawa a kilo 13, kuma in tsakar kan yaro ya zo daidai bakin kujerar ta sama, ta yi masa kaɗan. A Amurka ma cewa suke a bar tazarar inci ɗaya tsakanin kansa da bakin. Amma fita daga kwandon ba shi ne juyawa ba, kuma nan ne mutanenmu da yawa ke ruɗewa. Akwai babbar kujera ta gaba da ita wadda ita ma baya take kallo, tana ɗaukar yaro har santimita 105 ko kilo 18, wato wajen shekara 4 ga yawancin yara. Wasu ma suna kaiwa kilo 25. In za ku saya, ku sayi irin wannan tun farko, kuɗin ba zai tafi a banza ba. Akwai masu juyawa a kan gindinsu, ki juyo da ita wajen ƙofa ki ɗaure yaro ki mayar, bayanki ya huta.

Ƙafafu su ne hujjar kowa. Autata ta kai kusan shekara 4 tana kallon baya, kuma ranar da Hajiyarmu ta gan ta a kiran bidiyo daga nan Abuja, ƙafafu a tanƙwashe a jikin kujerar mota, faɗa ta rufe ni da shi. "Wannan yarinya laifin me ta yi kuka juya ta tana kallon bango? Ku dubi ƙafarta, za ku sa ta gwame!" Na ce Hajiya, yanzu in an shimfiɗa musu tabarma yaya suke zama? Ta yi shiru, don ta san yaro ba ya zama a miƙe, ko dai ya harɗe ko ya naɗe ƙafa a ƙarƙashinsa. Yarinyar wani lokaci ta harɗe, wani lokaci ta ɗora ƙafafun sama, wani lokaci ta sake su gefe da gefe, ba ta taɓa cewa suna mata ciwo ba. Kuma ko da a ce ƙafa za ta ji rauni, ƙafa ana ɗora ta. Ganin fuska kuma, akwai ɗan madubin roba da ake ɗaurawa a matashin kujerar baya, kina ganinta ta madubinki, ita ma tana ganinki.

Kujera mai kyau da aka ɗaura ba daidai ba ta zama ado. In motar tana da ƙarafunan nan biyu da ke ɓoye a lungun kujerar baya, waɗanda ake kira ISOFIX a Turai, LATCH a Amurka, ku yi amfani da su, sun fi sauƙi. Bayan an ɗaura, a kama ta daga gindi a girgiza, kada ta motsa fiye da inci ɗaya. Igiyoyin kafaɗa, in yaro na kallon baya, su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan. A ja su har sai kin kasa tsunkuno igiyar da yatsu biyu. Sai rigar sanyi, wadda ita ce tarkon sabon zuwa. Mun baro zafin Abuja, sanyi ya gigita mu, sai mu naɗe yaro cikin jibgegiyar riga mu ɗaura igiya a kanta. A karo rigar lotsewa take yi, igiyar ta zama sako-sako. A cire rigar, a ɗaure shi, sannan a lulluɓa masa bargo ko ita rigar a sama. Kuma kada a kuskura a sa kujera mai kallon baya a gidan gaba alhali balan-balan ɗin nan da ke fashewa lokacin karo, wadda makanikai ke kira iyabag, tana kunne. Bugun da za ta yi wa bayan kujerar daidai kan yaro yake sauka.

Mu mutanen gwanjo ne, kuma a can ma gwanjo na rufa asiri: gado, keken turawa, kayan sawa, duk ku karɓa da godiya. Kujerar mota kam sai daga hannun wanda kuka sani kuka yarda da shi, wanda zai gaya muku gaskiya ko ta taɓa shiga haɗari, don tsagewar ciki ba a ganinta da ido. Kada kuma a ɗauko kujera daga wata ƙasa a kai wata. Ta Amurka ba ta halatta a Ingila ba, Kanada ma sai mai tambarin ƙasarta. Wadda wani ɗan'uwa ya aiko muku Abuja shekarun baya, ku bar wa na gida, za ta yi musu amfani a hanyar Kaduna.

Kafin in bar Kubwa ranar, na sa aka aro tef ɗin awo wajen telan da ke bakin layi. Muka tsayar da yarinyar a jikin bango, santimita 95. Ƙanen muka kwantar a kan gado yana ta wutsil-wutsil, 73. Uwar ta hau sikelin akwatuna ita kaɗai, ta sake hawa da kowannensu a hannu, muka cire: kilo 14 da kilo 9. Na tura wa ƙanena lambobin ta WhatsApp, na ce ya nemo kujeru biyu masu kaiwa santimita 105, dukansu a ɗaura su suna kallon baya a motar abokin nasa kafin ranar Laraba. Ya turo saƙon murya yana dariya, wai Yaya har ita babbar? Na ce har ita, da sauran santimita 10 a gabanta.