Kwalin ashana uku da kalmomin Turanci

Ina koyar da Turanci a wata sakandare da ke unguwar Mabera a Sakkwato, kuma kukan 'yan SS3 kullum guda ne: "Malam, jiya na haddace kalma talatin, yau ko biyar babu." Nakan tambaye su yadda suka riƙe izu biyu ko uku a makarantar allo. Ai ba a zama ɗaya ba ne. A biya wa yaro, ya yi ta maimaitawa, a wanke allo, bayan kwanaki kuma a komo da shi baya ya kawo tilawa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna yadda ake mantuwa, ya wallafa sakamakon a 1885, inda ya ga mantuwa ta fi gudu a awannin farko bayan karatu. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin maganinta.

Nemi kwalin ashana uku. Yayyanka takarda ƙanana, ka rubuta kalmar Turanci a gaba, ma'anarta da Hausa a baya. Bakwai a rana sun isa. Kwalin farko ka buɗe shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku ran Asabar kaɗai. Kalmar da ka tuna ta matsa kwalin gaba. Wadda ta kuɓuce maka ta koma na farko, ko da ta kai na uku.

Kada ka juya takardar sai ka matsa wa ƙwaƙwalwarka tukuna. Wannan ɗan wahalar tunowa shi ne karatun, kuma nan ne yawancin ɗalibaina ke ha'intar kansu.

Sannan ka ɗaure kowace kalma da abin da idonka ya sani. "Mirage" ita ce ƙawalwalniyar da ke wal-wal a kwaltar hanyar Illela da tsakar rana. "Hide" ɓoyewa ce, amma kuma ƙirgi ne, irin wanda ake kai wa majema; rubuta mata takarda biyu, don masu jarrabawa na son irin wannan tarko. Wata rana kuma ka fara daga gefen Hausa ka nemo Turancin, domin a insha'in WAEC da NECO kai za ka fito da kalmar daga kanka.

Lokaci kuwa, bayan sallar Asuba ya fi, musamman a Afrilu, kafin zafin Sakkwato ya taso. Minti goma ya ishe ka.