Yadda Ake Lissafin Girman Baƙin Ramin Sararin Samaniya

Baƙin rami wuri ne da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta. Karl Schwarzschild ya fitar da lissafinsa a 1916: nisa daga tsakiya zuwa iyakar da ba a dawowa shi ne 2GM/c².

Ɗalibi ya sa nauyi, M, a kilogiram. G kuwa, adadin ƙarfin jan nauyi da ba ya canzawa, 6.67×10⁻¹¹ ne, c gudun haske ne, mita miliyan 300 a daƙiƙa. Nauyin rana kusan kilogiram 2×10³⁰ ne, amsarta kilomita 3. Daga nan sai ninkawa kawai: ramin da ya kai nauyin rana sau 25, kilomita 75 ne zuwa iyakarsa, faɗinsa duka 150, kusan tafiyar Bauchi zuwa Gombe. Na tsakiyar gungun taurarinmu, mai nauyin rana miliyan 4, ya kai kilomita miliyan 12 zuwa iyakarsa.

Inda aka fi tuntuɓe: mantawa da ninka c da kansa, sai amsa ta kumbura sau miliyan 300. Wasu kuma su sa giram maimakon kilogiram. Lissafin na ramin da ba ya juyawa ne. Mai juyawa iyakarsa ta fi matsewa.